Tarin Gidanmu

A shekarar korona, wadda aka hana acaɓa a cikin garin Bauchi, na jingine babur ɗina a zaure na koma zaman gida. Ban saba ganin safiya a gidanmu ba, domin da an idar da sallar asuba nake fita. Wannan zaman ne ya sa na fara lura da yayata.

Yaya ta girme ni sosai. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan gadonmu a Fadaman Mada, ta kama sana'ar da ta tarar, wato suyar masa. Kakarmu ta soya, Inna ta soya, tandar ƙasar ta sauka a hannun Yaya. Tana suya a wata 'yar rumfar kwano da ke jikin katanga, an kare ta ta gefe uku saboda iska, rufinta ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Da babur ya tsaya, cefanen gidan duka ya koma kan tandar nan, har da na matata da yarana. Sai Yaya ta ƙara shinkafar da take jiƙawa, ta ƙara suyar yamma a kan ta safe.

Matan gidanmu suna da tari, mai zurfi, kamar daga ƙasan rijiya yake fitowa. Ba mu taɓa ɗaukarsa ciwo ba. Gado muke ce masa, kamar wushirya ko dogon wuya. Ina yaro, idan Inna ta ɓace mini a gidan biki, tarinta nake saurara in same ta. Idan Yaya ta yi tari a cikin dangi, tsofaffi sukan yi dariya su ce, "Jinin mai masa ke nan, ba ya ɓuya." In ya matsa, a haɗa zuma da citta da lemun tsami. Kaka ta rasu tana haki, aka ce tsufa ne. Inna ta rasu tana haki, aka ce fuka ce.

Mutum ɗaya ce ba ta yarda da maganar gado ba. Wata 'yar kudu ce, Kirista, mai shagon robobi da bokitai a tsallaken layinmu. Kowa Madam yake ce mata. Tun dawowar Yaya suka ƙulla ƙawance. Da Sallah Yaya kan aika mata nama, da Kirsimeti ni nake yanka mata kaji don mu ma mu ci. Ranar Asabar Yaya ce ke yi mata kitso. Hausar Madam ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta.

Wata safiya ta tsallako da kwanonta, ta tarar da Yaya ta dafe ƙirji.

"Kai Mai hayaƙi," in ji Madam, "wannan tari naka ba gado ba ne. Wuta ne yana cin ka."

"'Yar roba, ki bar ni in ji da tanda. Ke da kike wuni cikin warin bokiti, wa ya ce miki kanzil?"

"Bokiti ba ya tari."

"Karɓi masarki ki wuce, kafin in hana ki miya."

Suka yi dariya, dariyar Yaya ta ƙare da tari.

Ni da nake zaune ina kallo, na ga abin da ban gani ba a da. Daga rumfa zuwa ɗakinta sai ta huta a hanya. Bokitin ƙullu ya fi ƙarfinta. Ta koma yin salla a zaune, ta ce gwiwa ce.

Ran nan Madam ta same ni a zaure, kanta ba ɗankwali, rabi a kitse rabi a tsefe.

"Malam, dubi kaina. Yayanka ya kasa ɗaga hannu. Gobe asibiti, ko ka kai shi ko ni in goya shi."

Muka je mu uku. Aka ɗauki hoton ƙirji. Likitan matashi ne mai ladabi. Ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce, "Mama, kina shan taba?"

Yaya ta juyo ta dube ni. "Me ya ce?"

"Ko kin taɓa sha a da, kika bari?" in ji likita.

Madam ce ta gaya masa sana'arta. Sai ya gyaɗa kai, ya ce huhunta ya yi kama da na wanda ya daɗe yana busa taba, kuma hayaƙin itace ma yana yin haka. Ya ce abin da ya lalace ba zai dawo ba, amma in ta bar wuta, ragowar za ta iya riƙe ta shekaru. Ya ba ta maganin shaƙa.

Duk wannan bayanin bai shiga kunnen Yaya ba. Tambayar farko kaɗai ta ji. A hanya ta riƙa cewa, "Ni da jikokina, yaro ya dube ni ya ce taba? A gaban ƙanina?" Na ce mata ba zagi ba ne, aikinsa ne ya tambaya. Ta ce ba za ta ƙara taka wurin ba. Maganin shaƙar ta jefa shi cikin kwalla ta rufe.

Madam ba ta haƙura ba. Ta kinkimo tukunyar gas ɗinta, ta sayo tandar ƙarfe, ta kunna da kanta don Yaya tana tsoron abin. Yaya ta gwada don kunyar ƙawa. Masar ta yi fari tas. Sai wani dattijo da ke saye tun zamanin Inna ya gutsura, ya tauna, ya ce, "Hajiya, yau wa ya yi suyar? Wannan ai ba ta gidan nan ba ce." Wasu ma suka faɗi haka. Kafin mako ya zagayo Yaya ta sa na mayar wa Madam kayanta.

Na roƙe ta ko suyar yamma ta bari. Lokacin na fara leburanci a wurin gini, wata rana a samu, wata rana a dawo haka.

"To yaranka su ci me?" in ji ta. Ta ja numfashi da ƙyar. "Kuma in na ajiye tandar Inna, ni wace ce a unguwar nan?"

Haƙuri na sani, shi na ci gaba da yi.

Damina ta fi cutar da ita, don jiƙaƙƙen itace ya fi hayaƙi. Da ta kasa tsugunno, 'yarta da ke aure a Ƙofar Wambai ta riƙa zuwa tana suyar, ita kuma tana kan tabarma a bakin rumfa tana cewa a juya, a rage wuta. Daga baya kwanciya ta gagare ta, sai dai a jingina ta da bango. Ta yarda da maganin shaƙar a lokacin da ba ya yi mata komai. Madam takan rufe shago ta zo da mafici ta zauna kusa da ita.

"'Yar roba, ba ki gaji ba?"

"Ina jiran kitsona. Tashi ka ƙarasa."

Yaya ta rasu wata ranar ruwa, bayan la'asar, hannunta cikin na Madam.

Bayan sadakar bakwai aka fito da kayanta don a raba. 'Yarta ta ce, "Kawu, tandar kaɗai nake so." Mijinta ma acaɓa yake yi a da. Madam ta ja ni gefe, idonta jajir. "Malam, fasa shi. Ka ce ya faɗi a hannunka."

Na ɗauki tandar, na kira yarinyar, na maimaita mata duk abin da likita ya faɗa. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Na sani, Kawu. Ina wurin ai, na ga yadda ta ƙare. To ka faɗa mini wata sana'ar." Na tsaya da tanda a hannu. Gadonta ne, kuma yaranta suna jiran abinci. Ni na naɗe mata ita a buhu, na kai mata bakin titi.

Madam ba ta sake amsa gaisuwata ba. Ba a daɗe ba ta sayar da shagon ta koma garinsu.

Yanzu da na shiga ajin yaƙi da jahilci, hannuna ya fara iya rubutu, na ce bari in ajiye wannan yadda yake. Kaka, Inna, Yaya: mata uku a murhu ɗaya. Sai maƙwabciya ɗaya da ta tafi ba sallama.