Yaya da Fis ɗin Motar Asibiti

Yayana mai gyaran wayoyin mota ne, kuma tun yana ƙarami idonsa ba ya bambance ja da kore. Mu kanmu a gida ba mu sani ba sai da ya shiga koyon aiki. Wata rana maigidansa ya ce ya haɗa jar waya, ya haɗa koriya, hayaƙi ya turnuƙe motar mutane. Da aka gano dalili, maigidan ya ba shi shawara ya nemi wata sana'ar. Yaya ya roƙi a bar shi wata uku.

A watannin nan ya daina yarda da launi kwata-kwata. Ya samu ɗan ƙwan fitila ya ɗaura masa waya biyu, kowace waya sai ya gwada ta, ya bi ta da yatsa har inda ta ƙare. Aikin da wani zai yi cikin minti goma, shi sai ya ci awa guda. Shi ya sa 'yan gareji suka raɗa masa Sai-Gobe. Yau shekararsa talatin a rumfa ɗaya, da benci ɗaya mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da tsohon batir.

Ni direban motar ɗaukar marasa lafiya ne a wani ƙaramin asibiti. Bara motar ta dame ni: fis ɗin fitilun baya yana ƙonewa, sau huɗu a mako guda. Na kai ta wurin wasu na kusa, don na san halin Yaya. Na farko ya sa fis mafi girma. Na biyu ya naɗa zaren waya a gurbinsa, har na fara jin ƙaurin roba. Dole na nufi rumfarsa.

Ya zare zaren wayar ya ɗaga mini shi.

"Wa ya sa wannan?"

"Yaya, sauri nake yi ne."

"Fis ba ya ƙonewa haka kawai. Wata waya ce take taɓa ƙarfen mota, shi kuma yana mutuwa don kada motar ta kama da wuta. Ka cire mai gadi ka bar ɓarawo a ciki."

Ya maƙala ƙwansa a gurbin fis ɗin, ya ce idan ya haska da ƙarfi in yi magana. Ya girgiza wayoyin gaba, shiru. Ya kwanta a ƙarƙashi ya daɗe, shiru. Da ya fito sai ya tambaye ni yaushe abin yake faruwa. Na yi tunani na ce yawanci bayan na sauke mara lafiya.

Ya zagaya ya buɗe ƙofar baya a hankali. Tana kai rabi ƙwan ya haska fau. A cikin robar da ke kusa da inda ƙofar take haɗe da jikin motar, wata waya ta goge har jan ƙarfenta ya fito. Ya yanke wurin, ya haɗa, ya naɗe, ya canza mata hanya, sannan ya mayar da fis daidai da na asali.

Na ciro kuɗi, ya harare ni.

"Mayar. Ka dai biya ka gaida Inna, kwana biyu tana cigiyarka."

Daga nan gidan Inna na wuce, da motar asibitin da komai. Maƙwabta suka firfito a tsorace, ita kuwa tana zaune lafiya lau tana tsefe wa jikarta kai.