Nonon da Na Ɗora wa Laifi

Ranar mu huɗu ne a tsakar gidanmu na Damri: ni, da babban ɗana, da matarsa, da autata mai aikin jinya a Talata Mafara. Jikata tana kwance a ɗaki, ciwon ƙasusuwa ya sake kayar da ita.

Tun tana jaririya na yanke hukunci. Na sa uwarta, matar ɗan nawa, ta tatsi nono a ludayi, na jefa tururuwa, ta mutu. Na ce nonon mugu ne, na sa aka yaye yarinya tana wata bakwai. Shekara tara ina goranta wa baiwar Allahn nan.

Autata ta shimfiɗa takardun gwajin jininmu, ta ɗauko igiyar guga.

"Inna, a jikin kowa akwai zare biyu murɗe kamar wannan, ido ba ya ganinsu. Rubutu ne a jikinsu, baƙaƙe huɗu kacal suke ta maimaituwa, su ke faɗa wa jiki yadda zai yi jini. Rabi daga uwa, rabi daga uba. Ciwon yarinyar nan sikila ne, ita kuwa sikila sai ɓangarorin biyu sun kawo."

"To ɗana ina ya samo?"

"Ba na ɗebi naki jinin ba, Hajiya sarkin bincike? Wurinki ya gada."

Surukata ba ta ko ɗago kai ba. Da ta rama gorin, da ya fi mini sauƙi.

Da safe na dama kunu da hannuna, na tsaya ƙofar ɗakin surukata na yi sallama. Sai da ta ce in shigo na shiga, na roƙe ta gafara.