Rishon da na wanke da tsamiya

Risho goma sha ɗaya ne a gidanmu na unguwar Soundview, nan ƙasar Turawa, kuma ko ruwan zafi ban taɓa ɗorawa a kan ɗaya ba. Duk na maigidana ne. Tsofaffi ne na tagulla masu famfo, irin waɗanda Turawa ke ɗauka in za su je kwanan daji don nishaɗi. Mahaifinsa mai shayi ne a tashar Maraɗi, a gindin irin wannan rishon ya girma, daga nan abin ya kama shi.

Shekara da shekaru yana kasa huluna da gyale a titi na 125. Ranar Lahadi, maimakon ya huta, sai ya bi kasuwannin gwanjo, ya dawo da wani baƙin abu a leda yana fara'a kamar an yi masa haihuwa. Ni kuwa ba mai fita ba ce. A bar ni da kicin ɗina da waya, in kira ƙanwata mu yi ta hira, duniya ta yi mini.

Amma ina kallonsa, ina kuma ji. Zai shimfiɗa jarida, ya kifa rishon, ya nemi wani ɗan harafi da maƙera suka buga a gindinsa. Harafin ne ke faɗin shekarar da aka ƙera shi. Akwai takardar da 'yarmu ta buga masa mai jerin haruffan da shekarunsu, sai ya bi ta da yatsa, ya ce, “Hajiya, wannan ya girmi babana.” In ce, “To a gaishe shi.” Fatar da ke cikin famfo kuma da kansa yake yankawa daga harshen tsohon takalmi, ya jiƙa ta a mai kwana uku.

Sai ciwo ya zo. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bayan an sallame mu daga asibiti bakinsa ya dawo, amma ya ƙi amfani da shi. “To.” “A'a.” Iyakarta ke nan. Likita ta ce sai yana magana, yana motsa hannu, in ba haka ba abin da ya rage ma zai tafi. Ni mai surutu, na yi ta zuba har na gaji da jin muryata. In yi masa wanka, in ba shi abinci, in ba shi labarin maƙwabta, shi yana kallon taga. Na gaji, wallahi, gajiyar da barci ba ya cirewa.

A ƙarƙashin tagar nan akwai rishon ƙarshe da ya sayo, bai gama da shi ba ya faɗi. Baƙi ƙirin. Ya riga ya sa masa sabuwar fata, harafin ne ya dushe bai gama karanta shi ba. Wata biyar yana nan a kan jarida.

Ana gobe Babbar Salla 'yarmu ta kai shi gashin ƙashi. Ina share-share sai na ce, bari in gyara masa abin nan, ko ya ga yana ƙyalli ya ji daɗi. Na yi yadda mahaifiyata ke yi wa tasoshinta: na jiƙa tsamiya a bokiti, na tsunduma rishon gaba ɗaya tun hantsi har azahar. Nan ba toka, sai na sa soson ƙarfe. Na dirje shi sama da ƙasa har ina ganin fuskata a jikinsa.

Da la'asar suka dawo. Ya tsaya da sandarsa ya daɗe yana kallo.

“Kifa shi,” ya ce.

Na kifa. Gindin sumul, kamar tire.

“Ina harafin?”

“Wane harafi, Alhaji? Datti ne na wanke.”

“Datti? Hajiya, wa ya aike ki? Tukunyar tuwo ce? Abin da ya shekara da shekaru a hannun mutane bai goge ba, ke kin goge shi kafin azahar! Ja famfon in ji.”

Na ja, na tura. Ya tafi fuu, ba iska. Tsamiya ta cinye fatar. Ita ce aikin ƙarshe da hannunsa na dama ya yi, ni da shi duk mun sani.

Ya yi ta faɗa. Ya haɗa da mutanen Kano gaba ɗaya, wai mu komai sai ya yi ƙyalli. 'Yarmu ta matso kusa da ni ta raɗa mini da Turancinta wai Baba fa magana yake yi. Na ce, “Ina ji, ai ni ake zagi.” Na shiga kicin na zauna a kan buhun shinkafa, ban san kuka zan yi ko me ba.

Kwana biyu bai kula ni ba, har naman Salla ya ci ba yabo ba fallasa. Rana ta uku ya turo mini tsohon takalminsa da sanda. “Ɗauko almakashi. Tunda kin ɓata, ke za ki gyara.”

Fata huɗu na lalata. Ya ce wannan ta yi faɗi, wannan kamar ɓera ya gutsura. “Riƙe da kyau mana! Ba albasa kike yankawa ba.” Ya miƙo hannun hagu ya danne mini gefe, ta biyar ta zauna.

Ba a kunna shi a cikin gida, ƙararrawar hayaƙi za ta tara mana benen duka. Da fatar ta kwana uku a mai, dole ni da ba na son fita na ɗauki risho da kananzir da buta, ga shi ya dafa kafaɗata, muka taka a hankali har filin shaƙatawa na bakin ruwa. Na zuba sifirit na ɗumama kan risho na kunna, kan ya yi zafi. Ya riƙe tankin da hagu, ni ina buga famfo. Wuta ta tashi ja, da hayaƙi.

“Kin yi garaje. Kashe, a sake.”

A karo na uku ta koma shuɗiya, tana wannan gurnanin. Ya saurara, ido a rufe. Na tambaye shi, to yanzu shekarar fa? Ya ce, “Ta tafi. Ba mai sani kuma.” Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba.

Muka sha shayin, gwiwoyina na zogi. Muna tattara kaya ya ce cikin goman da suka rage akwai shida da fatarsu ta bushe, kuma takalmi ɗaya ba zai isa ba.