Ruwan Randa a Kwalaben Gwamnati

A shekarun da kuɗin fetur suka shigo ƙasa, wani kamfanin hanya ya kafa sansani a saman rafinmu, kusa da Daudawa. Can suke wanke katafilolinsu, can suke juye baƙin mai, har masai ɗinsu rafin yake malalowa. Mu muna gangare. Da safe in ka leƙa ruwan sai ka ga maiƙo kwance a kai yana ƙyalli.

Ni da shanuna nake taƙama. Nonona ba ya kai azahar a kasuwa, kowa ya san ƙwaryata. To shanun nan suka kama zawo, suka rame, maraƙi ya mutu a hannuna. Maigari wan mijina ne. Na hana shi sakat, kullum ina ƙofar gidansa, sai da ya kai kuka sama.

Ran nan sai ga ma'aikatan gwamnati a mota, da kwalabe cikin akwati. Na tsaya bayan zana ina saurare. Babbansu ya ce a Zariya akwai na'urar da ke haska ruwa da wani haske wanda ido ba ya gani. In da mai ko ƙazanta a ciki sai su shanye hasken, allura ta zana a takarda. Ya ce in aka gani, dole kamfani ya daina zuba mana, ya kuma gina mana rijiya. Wallahi har guɗa na yi.

Maigari ya shimfiɗa masu tabarma a zaure, aka kawo fura. Ya ce rana ta yi zafi, baƙo ba ya zuwa rafi da ƙafarsa, su miƙo kwalaben a ɗebo masu. Su kuma ragwaye, masu gudun taɓo a takalmi, suka miƙa. Na tafi tatsa hankalina kwance.

Da yamma uwargidan Maigari take gaya mani, tana dariya, wai daga randarta aka cika kwalaben. Ruwan rijiyar nesa, wanda aka tace da ƙyalle, aka sa masa alif don ya washe!

Ban tsaya neman mayafi ba na isa zauren.

"Yaya, ruwan randa ka ba su?"

"To da me zan ba su? Baƙin gwamnati su tafi birni da ruwan kashi da sunan garinmu? A ce mu ƙazamai ne?"

"Ai ƙazantar suka zo nema!"

"Ke dai mace ce, ba ki san mutunci ba."

"Mutuncin naka shanuna za su sha?"

Ya ce da ƙanensa ya zo ya janye matarsa. Mijina ya zo yana ta ce wa wansa "yi haƙuri, yi haƙuri", kamar tsaki na yi wa wani.

Bayan sallah saƙo ya iso: an auna, ruwanmu garau yake, kada a sake damun kamfani. Maigari har murna ya yi, wai an wanke sunan gari. Na roƙa a sake kiransu, aka ce gwamnati ba ta awo sau biyu.

Kafin damina babbar saniyata, wadda innata ta ba ni, ta kwanta ba ta tashi ba. Sauran na kora su da kaina zuwa Damari wurin ƙanena. Masu sayen nonona suka koma wurin wasu.