Hannun Noelia Ya Gyaru

Ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin sana'ar da ake biyan mutum da tafi ba sai ta Noelia. Kuma ido da ido na faɗa mata, ba a bayanta ba, don ina da bakin faɗa. Ni na riƙe ta a coci ranar da fada ya zuba mata ruwa a ka tana tsala ihu, shi ya sa har yau madrina take ce mini, wato uwar baftisma. Shagona na fotokwafi yana ƙasan benen da suke haya, nan bayan kasuwar Cancha a Cochabamba. Uwarta Eulogia ƙawata ce tun muna 'yan mata. Tela ce ta gaske, rabin matan da ke sayar da dankali a kasuwar nan ita ta ɗinka musu siket ɗin biki. Uban kuwa ya tafi Ajantina aikin gini tun Noelia tana rarrafe, kuma da alama har yau ginin bai ƙare ba.

Noelia mai zane ce. 'Yar gajera, ta ba talatin baya, kullum leɓenta da tawada saboda taunar biro. Zanen da take ci da shi daban, wanda take so daban. Na ci shi ne allon gidan soya kaji, katin gayyatar biki, da hoton karnukan matan masu kuɗi, a zana kare ya fi uwargijiyarsa kyau. Na so kuwa wani labari ne cikin zane da take sakawa a intanet duk ranar Lahadi, kyauta, ko sisi ba ta karɓa. Sunansa Ulupika. Haka uwarta take kiranta tana ƙarama, da sunan ɗan mitsitsin barkonon nan da ke sa ƙato hawaye.

Ku zo ku ga yarinyar da ke cikin zanen! Kai kamar kabewa, kitso ɗaya ya kalli sama ɗaya ya kalli ƙasa, idanu ɗigo biyu, ƙafafu sai ka ce ta ari takalmin soja. Komai nata a karkace. Labaran duk na yarintar Noelia ne: ranar da ta ɓuya a ƙarƙashin keken ɗinki barci ya kwashe ta aka yi ta nema har ofishin 'yan sanda, ranar da ta aske wa kyanwar maƙwabta gashin baki da almakashin uwarta. Ita ma uwar tana ciki, kullum da allurai a baki tana faɗa ta gefen leɓe. Dubban mutane ke karantawa, har daga Meziko da Sifen, suna aiko mata da 'yan jajayen zukatan nan na waya.

"Tara su a kwando," in ji ni, "ki kai wa mai nama mu ga ko zai ba ki ko da ƙashi ne."

"Haba madrina, ke komai sai kin ɗora shi a sikeli."

"To a me zan ɗora shi? A ka?"

Sai ta yi dariya, ta sace mini biro, ta haye sama. Haka muke da ita.

Ciwon Eulogia bai zo da sallama ba. Da farko almakashi aka tsinta a cikin firji, muka yi ta dariya. Sai ta ɗinke wuyan rigar wata mata ruf. Sai ta ɓata a kasuwar da ta sani kamar yunwar cikinta, wani direban bas ya dawo da ita. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, sai dai magani ya rage masa gudu. Ranar da ta fi kowace muni ina wurin. Noelia ta kawo mata kofin api, kunun masararmu, mai zafi da safe tana hura mata. Eulogia ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, 'yammata. 'Yar gidan wa ce ke?"

"Mama, ni ce. Noelia."

"Kul! Noelia tawa ko tsawon teburin nan ba ta kai ba. Kada ki ƙara."

Da Noelia ta nace, sai tsohuwar ta firgita ta fara ƙwala wa maƙwabta kira. Daga ranar Noelia ta daina nacewa. Ta zama 'yammata a ɗakin da aka haife ta, tana ce wa uwarta Doña Eulogia. Ni kam takan gane ni, wai don tun ina yarinya fuskar tsofaffi gare ni.

Wata Lahadi Noelia ta sauko ta ce in buga mata zanen makon a takarda, tana so ta duba kala. Ta hau da shi ta ajiye a kan tebur. Ba a jima ba sai ga ta ta leƙo ta taga tana kirana. Na hau a guje, da gwiwar nan tawa. Na tarar da Eulogia ta riƙe takardar dab da hanci tana dariya har da hawaye.

"Basilia, zo ki ga 'yar banza! Ulupika ce! Dubi abin da ta yi wa rigar Istar da na ɗinka mata, mai ɗigon rawaya. Sai da na ce kada ta hau bishiya da ita!"

Ashe a ranta 'yarta tafiya ta yi, kuma ita ke aiko da hotunanta. Ta sumbaci takardar, ta juya wurin Noelia ta ce, "'Yammata, kin san 'yata? Da hannunta ta zana. Haka take jan layi tun tana ƙarama, kamar kaza ta taka tawada. Zauna in ba ki labarinta."

Noelia ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar uwarta, ta saurari labarin kanta. Wallahi ni kasa tsayawa na yi, na sauko shago na yi kukana a gaban injin.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Duk Lahadi bayan an tashi daga coci in buga a takarda mai kauri in hau da shi. Noelia takan sa wa Ulupika riga daban kowane mako, daga cikin waɗanda uwarta ta taɓa ɗinka mata. Eulogia ta yi faɗa, ta yi dariya, ta gyara labarin inda aka yi kuskure, ta yi ta yabon 'yarta a gaban wannan baƙuwar yarinya mai haƙuri. Kafin yamma ta sake ɓacewa cikin mantuwarta. Ta wannan 'yar ƙofa kaɗai uwar take ganin 'yarta, kuma Noelia ta san in ta rufe babu wata.

Amma keken ɗinki ya yi shiru, alhali shi ke riƙe da rabin gidan. Maganin ba na talaka ba ne. Ga shi ba a barin Eulogia ita kaɗai tun da ta fara kunna gas ta tafi ta bar shi, dole a ɗauki mai kula da ita. Mai gidan haya ma ya fara yi musu irin doguwar gaisuwar nan. Ana cikin haka, a farkon shekara, sai wani kamfani na ƙasar waje ya neme ta, masu labaran soyayyar da ake karantawa a waya. Sun ga Ulupika, sun ce tana da basira, amma ba irin zanenta suke so ba. Nasu za ta yi: 'yan mata masu idanu kamar faranti, haɓa kamar tsinin allura, samari dogaye, layi sumul babu gargada. Albashi duk wata.

"Madrina, in karɓa?"

"Tambaya ma kike yi? Karɓi da hannu biyu."

"Ulupika fa?"

"Ulupika za ta sayi magani?"

Haka na ce, kuma ko yau aka sake tambayata haka zan ce. Wanda yake ganin na yi kuskure ya zo ya biya haya.

Ta so ta haɗa biyun, amma taura biyu ba ta taunuwa. Mutanen kamfanin nan ba su san Lahadi ba. Duk shafin da ta aika sai ya dawo da jan zagaye: nan ya karkace, nan hanci ya yi girma, sake. Ta sake, ta sake, har wuyan hannunta ya kumbura tana ɗaure shi da bandeji. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙarshe ta rubuta wa masu karatunta cewa Ulupika za ta ɗan huta. Wasu suka yi mata fatan alheri. Wasu kuwa, marasa kunya, suka ce ta samu kuɗi ta watsar da su. Wani har cewa ya yi ta ci amanarsa. Amana! Mutumin da ko ruwan sha bai taɓa saya mata ba. Da na iya wayar nan, da ya ji daga bakina.

Muka yi dabara, muka riƙa buga tsofaffin. Ya yi aiki na ɗan lokaci. Amma matar da take manta ta ci abinci tun cokali yana hannunta, ba ta manta riga.

"Wannan ai ta riga ta aiko shi. Ga shuɗiyar nan mai aljihu. Ina sabon?"

Sai mu ce mota ce ba ta iso ba, masu zanga-zanga sun tare hanya. A ƙasar nan kullum ana tare hanya, ba a rasa abin fakewa. Da ta ji ƙararrawar coci sai ta ja kujera bakin taga ta zauna. Daga baya ta daina tambaya, kuma shirun ya fi tambayar ciwo. Noelia kullum maganarta ɗaya: "Bari su gama wannan labarin, madrina, za su ba ni hutu." Labarin soyayya kuwa ba ya ƙarewa, da an kusa ɗaura aure sai a fito da wata tsohuwar budurwa. Sai ƙarshen Oktoba suka sake ta na 'yan kwanaki.

Ta zauna ta zana sabon Ulupika, ta saka a intanet, ta sauko da murna in buga. Kafin injin ya yi zafi saƙonni sun fara shigowa, tana karanta mini. "Kin dawo!" "Kai, hannunki ya gyaru!" "Yanzu kam kin zama gwana." Na duba takardar. Gaskiya ta yi kyau. Kan ya daidaita, idanun sun ɗan buɗe har da ɗigon haske a ciki, kitson biyu sun kwanta. Noelia ba ta lura ba. Ni na lura, amma na ce ko idona ne.

Eulogia ta karɓa. Ta daɗe tana dubawa, tana bin layin da farce yadda take bin ɗinkin wani tela. Sai ta ajiye a cinya.

"Wa ya yi wannan?"

"'Yarki ce ta aiko, Doña Eulogia."

"Ƙarya kike. Ba hannunta ba ne." Ta dube ni. "Basilia, har da ke a ciki? Kun sa wani ya kwaikwaya don ku rufe ni. Tun yaushe?"

"Tun yaushe me, Eulogia?"

"Tun yaushe ta mutu?"

Allah kada ya sake sa ni jin kuka irin na ranar. Noelia ta faɗi a gabanta tana cewa, "Mama, ga ni, ga ni!" Tsohuwar ta ture ta a hankali ta ce, "Bar ni, 'yammata, ba ki san zafin ba."

Sauran hutun duk a neman tsohon hannunta ya ƙare. Ta zana da hagu. Ta zana ido rufe. Ta ajiye allon lantarkin da take zane a kai ta koma fensir da takardar naɗe sukari. Ta ɗora takarda a kan tsofaffin ta bi layi. Ta karkata kan da gangan, amma karkatar gangan daban take da ta Allah. Hannun ya riga ya koyi biyayya, da ta sake shi sai ya miƙe sumul. Duk wanda muka kai, ko kallo na biyu Eulogia ba ta yi masa. Na zata za ta manta, tunda komai mantawa take yi. Wannan ɗaya ya zauna daram.

Ga shi kuma Todos Santos, bikin tunawa da matattu, ta iso. Kasuwa ta cika da burodin matattu, kowane gida na shirya teburin da rayuka za su sauka su ci. Eulogia ta ji ƙamshi ta taga, ta ce shekarar farko ce da rasuwar, dole a yi wa 'yarta tebur cikakke. Na ja Noelia gefe na ce kada ta yarda, wannan ai ja wa kai ne, mutum da ransa.

Ta ce, "Madrina, yaushe rabon da ta nemi wani abu saboda ni?"

Ita ta je kasuwa. Ta sayo burodin nan mai siffar yarinya, da tsanin burodi da rai ke sauka da shi, da rake, da furanni, da kyandir. Eulogia tana zaune tana ba da umarni, kanta garau kamar ba ta taɓa ciwo ba. Farin ƙyalle za a shimfiɗa, ba baƙi ba, yarinya ce. Miyar gyaɗa, a zuba soyayyen dankali da yawa a kai, kada a sa ganye don tsincewa take yi. Api ya ji kirfa. Alawar madara, amma guda biyu kawai, haƙorinta na ciwo. Duk abin da Noelia take so, babu wanda ta manta.

Da tsakar rana, lokacin da rayuka ke isowa, aka kunna kyandir. Maƙwabtan da na roƙa suka shigo suka tsaya suna kallon ƙasa. Kowa ya yi addu'a aka ba shi burodi, yadda ake yi. Sai Eulogia ta yafito Noelia.

"Zo, 'yammata. Kin yi mini wahala. Yi mata addu'a ke ma. Noelia Almaraz sunanta."

Noelia ta durƙusa ta yi, da ƙarfi, ta ambaci sunan, muryarta ba ta karye ba sai wajen amin. Eulogia ta zaɓi burodi mafi girma ta sa mata a hannu, ta riƙe hannun tana shafa bandejin.

"Aiki ya cinye miki hannu. Uwarki tana raye?"

"Tana raye, Doña Eulogia."

"To me kike yi a nan ranar biki? Tashi ki je ta gan ki. Ba ki san yadda jira yake ba."

Noelia ta ce, "To." Ta tashi da burodinta ta fita ta ja ƙofa. Da na bi ta, na same ta tsaye a bayan ƙofar, ta rasa inda za ta nufa.