Takardar da Baba Ya Ƙi Dangwala wa Hannu

Shekarun baya, lokacin da ciwon suga ya fara cin ƙafar mahaifina, aka zo ƙauyenmu Tafoki ana rubuta sunayen marasa ƙarfi, za a ba su katin asibiti kyauta. Ni na kawo masa takardar, ina ta rawar jiki kamar lafiyar ce na ɗauko a hannu.

Baba bai yi boko ba. Ya jujjuya ta ya ce, "In sun yi mani magani na mutu, wa za ya biya su?"

Na ce, "Baba, kyauta ce."

"Kyauta? Daga gwamnati? An hwaɗa mani in mutum ya cika, gonarshi suke zuwa su amshe. Nuna mani inda aka rubuta ba za su taɓa gadona ba, in dangwala yanzu."

Ni da ake kira malamin makaranta, ina yawo da biro biyu a aljihu, na bi takardar nan layi-layi har sau uku. Babu inda aka ce za a karɓi gado, babu kuma inda aka ce ba za a karɓa ba. Washegari na hau mashin zuwa Faskari, na tambayi ma'aikacin da ke rajistar. Ya ce, "Malam, ni dai ban taɓa jin haka ba. Amma in rubuta maka? Ba ni da wannan hurumin."

Na dawo na faɗa wa Baba maganar yadda take. Ya miƙo mini takardar, ya ce ƙannena mata huɗu ne, ba abin da zai bar musu sai gonar nan, ba zai musanya abincinsu da ƙafar tsoho ba. Mahaifiyata ta yi kuka, liman ya zo ya yi masa nasiha, bai motsa ba. Muka koma jiƙe-jiƙe da ɗan abin da albashina ya iya saya a kemis. Kafin kaka ƙafar ta yi baƙi. Ranar da muka ɗauke shi zuwa asibiti ko gane mu ba ya yi.

Daga baya wasu da suka karɓi katin sun rasu a gabana, babu wanda ya zo ya tambayi ko kaza a gadonsu. Ashe jita-jita ce. Gonar kuwa damina biyu muka noma ta bayan rasuwarsa, 'yan bindiga suka hana shiga dajin, muka kwashe muka koma gari. Yau ciyawa ce a cikinta.

Har yanzu ban san wa zan ɗora wa laifi ba. Layi ɗaya kawai ya nema. Da na sa yatsa a ko'ina na ce, "Ga shi nan, Baba," da ya dangwala, don bai taɓa zaton zan yi masa ƙarya ba. Kullum ina tsaye gaban allo ina horon yara su faɗi gaskiya. Tawa gaskiyar ta ranar nan ce na kasa yafe wa kaina.