Yadda Kaka Tumba Ta Sunkuyar da Dinyar Baba

Ni ba mai yawan tuna baya ba ne, wahalar yau ma ta ishe ni. Amma duk lokacin da shinkafa ta fara nuna a fadama, na ji kukan dinya ta sama, sai Kaka Tumba ta faɗo mini a rai, ita da murhunta da ƙwaryar gyaɗarta.

A wani ƙauye muka tashi, gefen fadamar Gummi. Dinya, ga wanda bai san ta ba, babbar agwagwar daji ce, baƙa a baya, fara a ciki, ga wayo kamar mutum. Garke guda in ya sauka a gona, ya ci maka rabin kaka kafin hantsi.

Babanmu shi ne ɗan farin Kaka, don haka tana kunyarsa. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin ta dube shi ta yi masa magana ba. Ko tuwo za ta ba shi, sai ta ce da ni, "Maigidana, miƙa ma wancan mutum."

A shekarar da nake faɗi, tobashin Baba, Kawu Labbo, ya zo daga Anka ya tarar da shi yana goge bindigarsa ta gargajiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai da dinya sai kallo! Ko ka samu ma, wa ka cin naman ga? Ai takalmi ne da fiffike."

Baba ya rantse a ƙofar gida, gaban mutane, cewa Juma'a mai zuwa Labbo zai ci dinya a gidanmu har ya nemi ƙari. Ya samo duma goma sha biyu, ya shafe su da gawayi da farar ƙasa, ya kafa wa kowanne wuyan icce, miƙaƙƙe sak kamar soja. Wai in ya jera su a ruwa, dinyar gaske za ta ɗauka 'yan uwanta ne ta sauko. Sun yi kyau, ba ƙarya. Amma safiya biyar yana kwance cikin ciyawa, sauro na cinsa, dinya ta zo ta kewaya sau biyu ta wuce. Yara suka fara yi masa kukan dinya in ya gifta.

Ran Laraba bayan an ci tuwo muka kewaye murhun Kaka kamar kullum, tana tona gyaɗa daga toka tana raba mana. Baba na can bakin zaure shi da dumansa. Kaka ta ce, "Ga wata nan ta taho muku." Muka ce ta iso mu ji ta. Sai na lura ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, mu kuwa duk a gindinta muke.

Wai wani maharbi ne ya gina garin dinya na ƙarya a bakin tafki, kowace ta miƙe wuya tana ƙawa. Garke ya zo wucewa da yunwa, 'yan matasan suka ce a sauka, ga dangi can. Tsohuwar dinya ta ce a dakata. Nan Kaka ta shaƙe murya, ta karkace kai kamar tsuntsuwa:

"Ku diba da kyau, jikokina. Ga shinkafa har bakinsu, mi ya hana su ci? Garin da kowa ya ɗaga kai, babu mai ci, babu mai barci, wani abu sunka gani. Mu, in muna cikin lafiya, kai ƙasa muke yi, ɗaya tak ka tsayawa gadi."

Garke ya wuce, maharbi ya koma gida ya ci tuwo da miyar kuka. Ƙanwata ta ce, "Shi ke nan?" Kaka ta ce, "Shi ke nan, ta ƙare, mai kunne ya kwashe."

Mu ba mu ga daɗin tatsuniyar ba, babu kura, babu waƙa. Amma ba a jima ba muka ji ƙaras, ƙaras daga zaure. Baba ne ke cire wuyan dumansa. Ya sa musu lanƙwasassun icce, baki cikin ruwa, ya bar guda ɗaya a miƙe. Ashe shekarun da Kaka ta yi tana tsaron shinkafa tun tana yarinya, ba kora kawai take yi ba, kallo take.

Da safe muka ji bindiga sau ɗaya. Baba ya shigo da ƙatuwar dinya a kafaɗa, ya riga ya yanka ta, yana tafiya kamar wanda ya ci yaƙi. Bai dubi Kaka ba, ita ma ba ta dube shi ba. Ya ajiye ta a bakin ɗakinta ya wuce.

To, batun ci. Gaskiya zan faɗa: tsohuwar dinya tauri gare ta, ga ƙarnin fadama. Inna ta ce ita ba ta iya ba. Kaka ta saɓule fatar, ta wanke naman da ruwan tsamiya, ta bar shi ya kwana cikin citta da tafarnuwa, ta ɗora tun asuba da 'yar kanwa. Bayan an sauko Juma'a nama ya saki ƙashi. Kawu Labbo ya ci yanka ɗaya ya ce, "Ba laifi, takalmin ya jiƙa." Ya ci na biyu. Ya ci na uku. Sai ya miƙo mini kwanon, murya ƙasa-ƙasa: "Je ka gani ko da sauran romo." Baba ya yi kabbara har maƙwabta suka leƙo. Daga cikin ɗaki muka ji Kaka na dariya ita kaɗai.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar dinya ce. Sai da na haifi nawa ɗan farin, ya girma, ya buɗe wurin gyaran babur a Bukkuyum. Ni ban gaji kunyar Kaka ba, bakina ba linzami. Kuskure kaɗan sai in sauke masa gaban abokansa, har ya daina zama in na shigo. Bara na je na ga yana hantarar masu kawo gyara, bencinsa wayam. Maganar ta zo mini har maƙoshi. Na haɗiye, na jawo 'yarsa na ɗora a cinya, na ɗaga murya na ba ta labarin garin da kowa ya miƙe wuya.

Bai ɗago daga babur ɗin ba. Amma da zan tafi, na tarar da ƙunshin tsire rataye a hannun kekena.